Girbin Da Ba A Kiran Gayya: Nasiha Ga Samari A Kan Noman Wiwi Da Shanyarta

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya saukar da ruwa daga sama, Ya fitar da tsirrai da shi, Ya halatta mana masu tsarki, Ya haramta mana munana. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, wanda ke noma a fadamar Lahodu, ko Gidan Bango, ko Achida, ko can ɓangaren Rabah da Goronyo, akwai wata tambaya da ta fara yawo a bakin samari, kuma ita ce dalilin wannan ɗan littafi. Mai tambayar ba ya taɓa cewa shi ne. Kullum wani abokinsa ne. Ya kan ce: "Malam, wani abokina na. Shi ba ya sha, ko sigari bai taɓa kai ma baki ba. 'Yan ƙwarori ya samu, ya zuba bayan gona tsakanin dawa. Yanzu ga shi abin ya ƙosa. In ya yanke ya shanya ya saida, mi ne laifinai?" Wani kuma cewa ya ke yi shi ba ma nasa ba ne, ƙwadago kurum aka kira shi, ya yanka, ya ɗaure, a biya shi ladan wuni.

To, ko kai ne ko abokinka ne, amsar ɗaya ce. Sai dai kafin mu je ga hujjoji ina so ka fara duba wani abu da idonka ya saba gani.

Ka san yadda ƙasarmu ta ke idan kaka ta yi, ko idan amfanin rani ya fito. Shinkafa shanye a kan leda a bakin hanya. Tattasai da barkono sun yi ja wur a kan fako. Mata na yanka kuɓewa da tumatir suna bazawa a rana. Albasa jibge a rumfa, mai ita na zaune gefe yana jin daɗin a gani. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Sannu da aiki, Allah Ya sa albarka." Almajiri ya zo, a ɗebo masa. Maƙwabciya ta aiko yaro, a cika masa kwano. Ranar yankan shinkafa har gayya a ke kira, a yi fura, a yi ta raha, mutum yana alfahari da yawan damman da ya samu.

Yanzu dubi ɗaya girbin. Wa ya taɓa kiran gayya ranar yankan wiwi? Wa ya taɓa shanya ta a ƙofar gida, mahaifinsa na alwala yana kallo? Ana yanka ta ne ana waige-waige. Ana ɗauko ta a ɓoye, a shigar da ita wurin da ba mai shiga, a ja ƙofa. Mai ita ba ya barci sosai har sai ta bar hannunsa. Kare ya yi haushi, gabansa ya faɗi. Mota ta tsaya a bakin gari, gabansa ya faɗi. Ƙanensa ya tambaye shi me ke wari haka, ya daka masa tsawa.

Muslim ya ruwaito daga Nawwas ɗan Sam'an, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana zunubi da cewa shi ne abin da ya yi maka kai-kawo a ƙirji, kuma ba ka son mutane su tsinkaye shi. Ashe kuwa tun ba ka zo wurin malami ba ƙirjinka ya riga ya ba ka fatawa. Abin da ya kawo ka shi ne neman wanda zai soke ta.

Ka koma Suratul Ƙalam, daga aya ta 17 zuwa ta 33, ka karanta labarin masu gonar nan. Suka yi rantsuwa za su girbe ta da sassafe, suka fita suna magana ƙasa-ƙasa, don kada wani miskini ya ji ya biyo su. Allah Ya aiko wa gonar da abin da ya aiko suna barci, suka iske ta baƙi ƙirin har suka yi zaton ɓatan hanya suka yi. Ka lura fa, abin da ke cikin gonarsu halal ne. Laifinsu shi ne sun yi nufin hana miskini rabonsa, shi ya sa suka ɓoye girbin. To, ina ga wanda ya ɓoye nasa girbin domin abin da ke ciki guba ne da zai kai wa ɗan miskinin?

Babu sunanta a cikin Alƙur'ani

Wannan ita ce shubuhar da aka fi riƙewa. Su kan ce giya Allah Ya haramta, ita kuwa wannan ganye ce, tsiro ne, Allah ne Ya halicce ta kamar yadda Ya halicci rama da yakuwa.

Sai mu ce, zaƙami ma Allah ne Ya halicce shi, kuma kowa a ƙasar nan ya san abin da ya ke yi wa wanda ya sha shi. Alade ma Allah ne Ya halicce shi. Halitta daban, halattawa daban. Inabi da dabino tsirrai ne masu albarka, amma abin da a ke tatsa daga gare su ya bugar, Allah Ya kira shi ƙazanta daga aikin Shaiɗan a Suratul Ma'ida aya ta 90, Ya ce a nisance shi. Kuma a aya ta 91 Ya faɗi dalili: yana jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, yana kange su daga ambaton Allah da salla. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, a cikin waɗanda ka sani masu busa hayaƙin nan, nawa ne ka ke gani a sahun Asuba?

Sa'an nan Shari'a ba ta rataya hukuncin ga suna ba, ta rataya shi ga aiki. Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya duk abin da ke sa maye a cikin giya, ya kuma haramta shi. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Sayyidina Umar ya hau mumbari a Madina ya fassara wa mutane giya da cewa ita ce duk abin da ya lulluɓe hankali, wannan yana cikin Buhari da Muslim. Kuma Annabi ya riga ya ba da labari cewa wasu daga al'ummarsa za su sha giya suna kiranta da wani suna. Yau ka ji "ganye", gobe ka ji "kaya", jibi ka ji wani sunan Turanci da yaran birni suka ƙago. Sunan ne ke canzawa.

Gaskiya ne limaman mazhabobi huɗu ba su yi magana a kanta ba. Dalili kuwa ba ta yaɗu a cikin Musulmi a zamaninsu ba. Shaihul Islam Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a shekara ta 728 bayan Hijira, ya ambata cewa shanta ya bayyana ne wajen ƙarshen ƙarni na shida da farkon na bakwai, daf da zuwan Tattar. Larabawa suna ce mata hashisha. Da ta bayyana malamai ba su yi shiru ba. Ibnu Taimiyya ya ce haramun ce, mai shanta a yi masa haddi irin na mashayin giya. Imam Zarkashi, Bashafi'e, ya wallafa littafi sukutum a kan haramcinta. A mazhabarmu ta Malikiyya, Imam Ƙarafi, wanda ya rasu a 684, ya saɓa wa Ibnu Taimiyya a wuri ɗaya: a littafinsa Alfuruƙ ya sa ta cikin masu ɓata hankali, bai sa ta cikin masu bugarwa irin na giya ba, don haka a wurinsa horo a ke yi wa mai sha gwargwadon ganin alƙali, ba haddi ba. Na kawo maka wannan ne domin wasu masu ɗan karatu suna ɗauko shi su ce ai akwai saɓani. Saɓanin a kan irin bulalar ne. Ba wanda ya ce a gusar da hankali da ita halal ne.

Ni ba na sha

Nan ne maganarmu ta fi nauyi, domin nan ne Shaiɗan ya fi samun samarin kirki. Yaro mai salla, mai kunya, wanda ba zai taɓa yarda a gan shi da naɗi a baki ba, sai a ce masa ai kai manomi ne kurum.

Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mutum goma a kan giya. Ka ƙirga su da yatsunka: mai matse ta, da wanda a ka matsa domin sa, da mai sha, da mai ɗauka, da wanda a ka kai wa, da mai zubawa, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta, da mai saye, da wanda a ka saya domin sa. Mutum goma. Mai sha ɗaya ne tak a cikinsu. Sauran tara ana iya samun wanda ko ɗigo bai taɓa kurɓa ba. Kuma wa a ka fara ambata? Mai matsewa, watau wanda ya mai da ɗan itace ya zama abin maye. Kai da ka yanka ka shanya, aikinka ke nan daidai. Ganyen nan yana tsaye a gona ba mai iya naɗe shi. Hannunka ne ya mai da shi abin sha. In ka ɗora a babur ka zama mai ɗauka. In ka miƙa ka karɓi kuɗi ka zama mai sayarwa, ka zama mai cin kuɗi. Mashayin da ka ke rainawa ya shiga ta ƙofa ɗaya, kai ka shiga ta huɗu.

Ba muna nuna wani mutum da yatsa mu ce wane la'ananne ne ba, wannan ba namu ba ne, kuma ƙofar tuba a buɗe ta ke. Muna gaya maka inda aikin ya ke ne, don ka san inda ka sa ƙafa.

Malamanmu na Malikiyya sun hana a sayar da inabi, wanda ya ke halal tsantsa, ga mutumin da a ka san giya zai yi da shi. Sun dogara da aya ta 2 a Suratul Ma'ida, inda Allah Ya umurce mu da taimakon juna a kan alheri da taƙawa, Ya hana mu taimakon juna a kan zunubi da ƙetare iyaka. Inabi ana cinsa, ana yin zabibi da shi. Wanda ya zo da dare ya sayi busasshiyar wiwi a hannunka, miya zai kaɗa da ita?

Shi ma ɗan ƙwadago ya ji. Ƙwadago sana'a ce mai daraja, Annabawa sun yi kiwo don lada. Amma ijara ba ta inganta sai a kan aikin da ya halatta. Ahmad da Abu Dawuda sun ruwaito daga Ibnu Abbas cewa idan Allah Ya haramta abu, Ya haramta kuɗinsa. Kuma ka tambayi kanka, me ya sa mai gonar zai biya ka ninkin abin da a ke biya wajen yankan shinkafa? Ba don ƙarfinka ba ne. Shirunka ya ke saye, da wuyanka, domin ran da a ka zo kame kai za a iske da lauje a hannu, shi yana can wani gari.

Akwai wata aya da kowane manomi ya kamata ya sani, ta 141 a Suratul An'am, inda Allah Ya yi umurni a ba da haƙƙin amfanin gona ranar girbinsa. Gero da dawa da shinkafa da alkama, in sun kai wusuƙi biyar, ɗaya cikin goma ne idan ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin idan da inji ko jigo a ka yi ban ruwa. Albasa da tumatir, ko da ya ke Imam Malik bai wajabta zakka a kan ainihinsu ba, ba manomin kirki da zai kwashe su bai yi kyauta ba. To, mai wiwi, ranar girbinka wa za ka ba? Liman? Marayu? Gwauruwar da ke bayan gidanku? Amfanin gonar da ba ya zakkatuwa, ba ya sadakatuwa, ba ka iya cewa bismillah a kansa, wane irin amfani ne?

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, an rubuta masa sadaka. Har jan-baki da ke yi maka ɓarna a shinkafa lada ya ke tara maka ba ka sani ba. Yanzu juya lissafin. Kowane naɗi da a ka yi daga abin da ka shanya, kowace salla da a ka bari saboda shi, kowace uwa da a ka zaga, kana da kamasho a ciki, kana gida kana barci.

Ina ta ke zuwa?

Mu a gabashin Sakkwato ba mu bukatar a ba mu labarin abin da gushewar hankali da bindiga ke haifarwa idan suka haɗu. A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a ƙasar Rabah, suka kashe mutane da dama, waɗanda suka tsira suka kwarara Gandi gudun hijira. A watan Oktoba na 2021 suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, a ka binne gommai. Dajin Gundumi ya zama wurin da direba ke shiga yana salati. Ba na ce maka wiwi ce ta haifi wannan bala'i ba, sabubbansa suna da yawa, akwai zalunci, akwai jahilci, akwai sakacin hukuma. Amma sanannen abu ne cewa mutanen daji ba su rabuwa da ƙwaya da wiwi, kuma jami'an tsaro sun sha kama masu kai musu. Wanda ya saya a hannunka ba zai gaya maka inda zai kai ba. Yana yiwuwa hayaƙin da ka shanya da hannunka shi ne wanda wani zai busa kafin ya shigo garinku.

In ma ba ta je daji ba, tana nan cikin gari, wurin ƙannenka. A binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumomin Nijeriya, wanda a ka fitar a farkon 2019, an ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a ƙasar nan cikin shekara guda. Miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi ce. Yankinmu na Arewa maso Yamma shi kaɗai yana da kimanin miliyan 3. Mafi yawan wiwin nan daga dazuzzukan kudu a ke kawo ta, Ondo da Edo da Delta da Osun, a ɓoye cikin manyan motoci. Watau har yanzu sai ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, ta tsallake shingaye, kafin ta iso mu. Wanda ya shuka ta a fadamar Rima ya ɗauke wa Shaiɗan kuɗin mota.

Likitoci sun gano sinadarin da ke bugarwa a cikinta, suna ce masa THC. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai ya kai wajen shekara 25, shi ya sa ɓarnar ta fi yawa ga yaro. Kimanin mutum 1 cikin 10 da suka fara sha ba su iya bari, ga wanda ya fara tun yana ɗan shekara goma sha kuwa abin ya kan kai 1 cikin 6. Wani babban bincike da a ka buga a 2019, wanda a ka yi a garuruwan Turai da Barazil, ya nuna mai sha kullum ya ninka wanda ba ya sha kusan sau 3 wajen haɗarin kamuwa da taɓin hankali, idan kuwa mai ƙarfin ce kusan sau 5. Asibitin masu taɓin hankali na Gwamnatin Tarayya yana nan Kware, ba nisa. Ka je ka tsaya a bakin ƙofa ka ga iyaye riƙe da samari majiya ƙarfi. Ba dukkansu wiwi ta kai ba, cuta daga Allah ta ke, kada ka yi wa kowa mummunan zato. Amma ka tambayi ma'aikatan wurin abin da su ke gani.

Wani zai ce ai Turawa sun halatta. Na'am, Yurugwai ta halatta a 2013, Kanada a 2018, Jamus ta sassauta a 2024. Su ɗin giya ma halal ce a wurinsu, da caca, da riba. Yaushe majalisar Kanada ta zama mai yi mana shari'a? Tailan ma ta saki abin a 2022, da ta ga yadda ya kasance sai ta dawo a 2025 ta ce sai da takardar likita. Batun magani kuwa, gaskiya ne an tace wani sinadari daga tsiron, wanda ba ya bugarwa, an yi maganin wata irin farfaɗiyar yara da shi, Amurka ta amince da shi a 2018. Wannan aikin masana ne a ɗakin bincike, da awo, da izni, kuma malamai suna da magana a kan lalura. Ina haɗinsa da abin da ka rataya a kango? Ɗariƙ ɗan Suwaid ya gaya wa Annabi cewa shi don magani ya ke yin giya, Annabi ya amsa masa cewa ita cuta ce ba magani ba. Muslim ne ya ruwaito.

Ga kuma hukuma. Tun 1966 gwamnatin soja ta kafa doka a kan wiwi wadda ta tanadi kisa ko ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba ga mai noma ta. An sassauta a 1975, sa'an nan a 1989 a ka kafa hukumar NDLEA da dokarta mai tsanani, wadda har ta ba da damar ƙwace dukiyar da a ka yi laifin da ita. Ka tuna gonar da ka zuba ƙwarorin nan a cikinta, sau da yawa ba taka ba ce kai kaɗai. Gado ce, akwai rabon mahaifiyarka, akwai na ƙannenka mata. Ka jefa haƙƙinsu cikin haɗari ba ka shawarce su ba.

Talauci

Ban manta da shi ba, kuma ba zan yi maka wa'azin wanda ya ƙoshi ba. Na san tun da a ka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 injin ban ruwa ya zama abin tsoro. Na san kuɗin taki. Na san akwai gonakin da ba su nomuwa saboda mutanen daji. Manya suna tuna ambaliyar 2010 da ta shafe amfani da gidaje a kwarin Rima. Na san manomi ya kan kai albasa kasuwa lokacin da ta yi yawa, dillali ya sa mata kuɗin da ba ya mai da ko na wahala. Saurayi yana son aure, yana son babur, yana ganin sa'o'insa da waya mai tsada. Wanda ya ce wannan ba jarrabawa ba ce bai faɗi gaskiya ba.

Amma lalurar da ke halatta haram ita ce ta wanda zai mutu in bai ci mushe ba, ya ci gwargwadon abin da zai tsayar da rai. Ba ta halatta ka ceci aljihunka da hankalin ɗan wani. Kuma Muslim ya ruwaito labarin mutumin nan mai doguwar tafiya, kansa birkice, jikinsa duk ƙura, yana ɗaga hannu sama yana kiran Ubangiji, alhali cinsa haram, shansa haram, tufarsa haram, Annabi ya ce ta yaya za a amsa masa. Mu da ke cikin halin da ba mu da makami sai addu'a, mu da ke alƙunuti a kan Allah Ya kawo mana ƙarshen 'yan bindiga, shin za mu iya ɗaukar asarar addu'armu?

Ka dubi ƙasar da ka ke takawa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zaɓi Wurno ya yi ribaɗi, a nan ya zauna, a nan ya rasu a 1837, kabarinsa yana nan. Ya zaunar da mutane a kwarin nan domin su tsare iyaka, su yi noma, su yi sana'a, su yi karatu. Madatsar ruwan Goronyo da a ka gama a 1984 an gina ta ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, domin rani ya zama kamar damina. Akwai mutane a wannan ƙasa da ke tafiyar kilomita don jarka ɗaya. Kai an kawo maka ruwa har bakin fangali. A Suratul Waƙi'a, aya ta 63 da ta 64, Allah Ya tambaye mu game da abin da mu ke shukawa, shin mu ne ke tsirar da shi ko Shi. Ƙasa taSa, ruwa naSa, rana taSa. Shinkafa da alkama da albasa da tafarnuwa da rogo da dankali duk suna yi a nan. Ribarsu a hankali ta ke zuwa, wata shekara ma a faɗi, amma ba wanda ya taɓa tsallake katanga da dare saboda buhun tafarnuwa.

To, yanzu ga shi ta ƙosa, me za a yi da ita?

Na san abin da zuciya ke raɗawa: bari in sayar da wannan kaɗai, in mai da kuɗin wahalata, daga nan na tuba. Abu Ɗalha ya zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da abin da ya fi naka ƙarfi. Giya ce ta marayu da suka gada, tana hannunsa amana. Annabi ya ce ya zubar. Ya nemi ko a mai da ita ruwan tsami don kada marayu su yi asara, Annabi ya hana. Abu Dawuda ne ya ruwaito. Dukiyar maraya, wadda Alƙur'ani ya tsananta a kanta fiye da kowace dukiya, an zubar da ita a ƙasa. Kuma ranar da haramcin ya sauka Anas yana cikin zuba wa mutane a gidan Abu Ɗalha, mai shela ya wuce, ba wanda ya ce bari in ƙarasa ƙoƙon da ke hannuna. Suka tuntsurar da tuluna har ta gudana a lungunan Madina.

Saboda haka ka tumɓuke ta daga saiwa, yau, kada ka jira Juma'a. Wadda ka riga ka shanya ka haɗa da ita, da ƙwarorin da ka ɓoye don baɗi, domin wanda ya ajiye iri bai tuba ba, hutu ya tafi. Ka haƙa rami mai zurfi ka binne. Kada ka ba aboki, kada ka ce wani ya zo ya kwashe kyauta, kyautar ma tana cikin goman nan. In wani ya riga ya ba ka kuɗi kafin girbi, ka mayar masa da abinsa, ka gaya masa babu. In ya yi maka barazana kada ka ɗauki abin kai kaɗai, ka sami mahaifinka, ko limaminku, ko maigari. Kunyar minti goma a gaban mahaifi ta fi sauƙi a kan ya zo ya gan ka ta bayan waya.

Kuɗin da ka riga ka ci a baya, ka yi nadama, ka nemi gafara. Wanda ya rage a hannunka, malamai sun ce a fitar da shi zuwa ga matalauta ko wata maslahar jama'a, kamar gyaran rijiya ko hanya, da niyyar rabuwa da shi, ba da niyyar sadaka ba, domin Allah Mai tsarki ne, ba Ya karɓar sai mai tsarki. In kai kanka fakiri ne wanda ba shi da abin da zai koma gona da shi, wasu malamai sun yi rangwame ka riƙe gwargwadon bukata ka fara sana'ar halal, wannan kuwa ka zauna da malamin da ya san halinka ku duba, kada ka yanke wa kanka.

Ku kuma sauran samari, in ɗan'uwanku ya zo ya ce ya tumɓuke, kada ku mai da shi abin nuni a majalisa. Ku rufa masa asiri. Wanda ke da irin albasa ya ɗiba masa, wanda ke da inji ya ara masa na wuni biyu, ranar dashe ku fito masa gayya.

Allah Ya tsare mana hankulanmu da gonakinmu, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo da sauran ƙasashen Musulmi. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.